Neman Hatimi a Damagaram

Talata: fitowa daga Fagge

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka fito daga gidanmu a Kwaciri, ni da Gwaggo Yagana, yayar babana. An kwana ana ruwa, kwatocin layinmu sun cika sun tumbatsa, sai muka riƙa bin gefen katanga muna taka bulon da mutane suka jera. Baba ya rako mu bakin titi da fitilar waya a hannunsa. Shi tela ne, kuma lokacin komawa makaranta ne, shagonsa cike yake da kayan makarantar 'ya'yan mutane, ba halin ya bar gari. Da adaidaita ta tsaya ya ce, "Fanna, ki riƙe takardun nan kamar ranki." Na ce to. Suna cikin leda biyu, a ƙarƙashin hijabina.

Ga abin da ya ɗaga mu. Mahaifiyata 'yar Damagaram ce ta ƙasar Nijar, kuma tun ina shekara shida kakata ta ɗauke ni. A can na yi firamare da shekara biyu na sakandare, duk da Faransanci. Da ta rasu bara aka dawo da ni Kano, na shiga aji uku a wata ƙaramar makaranta a Sabon Gari. Na zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, ta kwana, wadda ɗalibai da yawa suke nema kaɗan suke samu, sunana kuma ya fito. Saura tantance takardu.

Ranar Litinin muka je ofishin tantancewar da Baba. Jami'in da ke tantancewa, Malam Sabi'u, ya duba sakamakona na Nijar ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Malam, bara waccan yarinyar nan tana aji shida, da shekara ta zagayo ta koma aji biyar. Baya aka mai da ita ke nan. Ga kuma lissafi, sha bakwai. Kimiyya, sha shida. Wanda ya ci sha bakwai cikin ɗari ai ko ƙofar makarantar nan ba zai gani ba." Baba ya juyo ya dube ni. Na san amsar sarai, amma sai na tsaya ina kallon wani zare da iskar fanka take kaɗawa a jikin labule. Malam Sabi'u ya ce in akwai bayani a kawo shi a rubuce daga tsohuwar makarantar, da hatimi, kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. In lokacin ya wuce, akwai masu jiran gurbin.

Baba ya riga ya yanka mini kayan makarantar, kore da fari. Da muka koma gida ya naɗe su ya tura ƙarƙashin teburin ɗinki.

Daga Ƙofar Ruwa zuwa Daura

A tashar Ƙofar Ruwa muka sami ƙaramar mota mai zuwa Daura, saura mutum biyu ta cika. Gwaggo tana sayar da turaren wuta da humra a Kasuwar Sabon Gari, kuma duk inda ta shiga sai an san ta shigo. Direban ya shaƙi iska ya ce, "Hajiya, wannan ƙamshi haka, ai sai in rage miki kuɗin mota."

"Rage mana, ɗan nan. Motar taka ma warin akuya take, taimakonka na zo yi."

Bai rage ba, amma ya ba ta gidan gaba. Ni na zauna a baya jikin taga. Mun tashi shida da minti ashirin.

Kazaure tana da nisan kilomita tamanin ko kusa da haka, mun isa takwas saura minti goma. Duwatsun garin sun yi kore shar saboda damina. Gwaggo ta sayi waina ta naira ɗari biyar ta miƙo mini ta saman kujera. Ina ci ina kallon 'yan makaranta suna tafe a gefen titi, kowa da jaka, wasu da tsintsiya. Wata yarinya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu don kada taɓo ya ɓata su, sai kuma ta taka da farar safarta.

Shingen jami'ai huɗu na ƙirga kafin Daura. A kowanne direba yakan rage gudu, a gaisa, a leƙa but, mu wuce. Ƙarfe tara da 'yan mintuna muka sauka, muka canza mota zuwa Kwangwalam, bakin iyaka.

Iyaka

A ɓangarenmu ba a daɗe ba. Gwaggo ta nuna katin ɗan ƙasa, na nuna na makaranta. A ɗaya ɓangaren, Ɗan Barto, wani jandarma dogo mai tsagen fuska ya tambayi abin da zai kai mu Damagaram. Gwaggo ta fara ba shi labari tun daga rasuwar kakata. Ya ɗaga hannu ya ce a nuna masa takardun kawai.

Na kwance leda biyun. Ya bi takardar da yatsa, ya tsaya a layi na uku.

"Sha bakwai a lissafi? Ke ce kika ci wannan?"

Na gyaɗa kai. Ya kira abokin aikinsa ya nuna masa. "Ni duk zamana a lakwal ban taɓa wuce sha ɗaya ba, shi ma ranar sai da tsohona ya yanka zabuwa." Lakwal ita ce makarantar boko a bakin mutanen can. Ya naɗe takardar a hankali yadda ya same ta, ya miƙo mini da hannu biyu.

Da muka shiga mota Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Takarda ɗaya, jiya a Kano an raina ta, yau a nan har da kiran shaida." Ni ma abin da nake juyawa ke nan. Tsakanin teburin Malam Sabi'u da na jandarman nan ba a yi tafiyar awa huɗu ba. Hausa ɗaya suke yi, hula iri ɗaya suke sawa ranar Juma'a, amma kowannensu akwai abin da aka koya masa lamba take nufi.

Daga nan zuwa Matamaye na lura da wani abu. Ƙarfe sha ɗaya na safe, ranar Talata, ban ga yaro ko ɗaya da jakar makaranta ba. Suna cikin gonaki, suna kan amalanke, suna korar tsuntsaye daga gero.

Damagaram

Mun shiga gari ƙarfe ɗaya da rabi. Manyan duwatsun nan masu kama da an ɗora su da hannu suna nan inda na bar su. Ba mu biya gidan Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, ba. Kabu-kabu biyu, wato 'yan acaɓa, muka hau kai tsaye zuwa makarantar.

Ƙofar a rufe take da sarƙa. Ciyawa ta rufe filin da muke taruwa da safe, awaki uku suna kiwo a gindin sandar tuta. Maigadi ya fito daga rumfarsa yana gyara carbi, ya gane ni.

"Fanna 'yar Kano! Lafiya, da tsakar hutu?"

Gwaggo ta ce, "Wane hutu? Mu a Kano yara sun fi mako biyu da komawa."

"Wannan Kano ke nan, Hajiya. Mu nan sai watan Oktoba ya kama."

Ta juyo gare ni a hankali. "Ke kin san da haka?"

Na sani. Shekara takwas ina wannan hutun. Tun daren Litinin, da Baba da Gwaggo suke tsara tafiya, abin ya faɗo mini, amma sun riga sun gama magana, kuma na ga nauyin in katse manya. Na ce wa raina wataƙila shugaban makarantar yana nan. Duk wannan ban iya faɗa mata ba, kaina kawai na sunkuyar.

"Fanna, bakin nan naki na cin waina ne kaɗai?"

Maigadi ya shiga tsakani. Ya ce shugaban, Mushe Abdu, yana gonarsa a Mirriya, kilomita goma sha takwas daga gari, kuma wayarsa ba ta shiga a can. Mushe shi ne yadda ake kiran malamin boko a Nijar. Gwaggo ta ce ita ba za ta kira mai rai da wannan suna ba, Malam za ta ce masa.

Mun kwana gidan Kawu Ilu a unguwar Birni. An ba mu tuwon gero da miyar kuka, da kilishin da ya fi na ko'ina taushi. A ɗakin kakata aka yi mana shimfiɗa. Ƙusar da nake rataye jakata tana nan a bayan ƙofa, daidai tsayina na wancan lokacin. Yanzu kafaɗata take kaiwa.

Laraba: Mirriya

Bakwai na safe muka karya da shayi da dogon burodin nan mai ɓawo, na dala arba'in, muka hau motar Mirriya. Rabin awa ce tafiyar. Garin cike yake da itatuwan kuka, kuma ba mu sha wahalar tambaya ba, kowa ya san gonar.

Mun same shi cikin gero, da tsohuwar malafa da wuƙar yanka a hannu. Ban taɓa ganinsa ba tare da kwat ba. Na durƙusa na gaishe shi da Faransanci kamar yadda muka saba, ya amsa da sunana cikakke da lambar kujerata a aji.

Muka zauna a inuwar kuka, Gwaggo ta zayyana masa komai. Da ta zo kan maganar an mai da ni baya, ya yi dariya har ya cire malafar ya fifita da ita.

"Hajiya, mu ƙirgarmu daga sama take sauka. Yaro ya shiga sakandare a aji shida, ya wuce biyar, huɗu, uku, haka har ya fita. Abin da ya rage masa muke ƙirgawa."

"To mu abin da ya ci muke ƙirgawa, Malam, kamar yadda kowane mai hankali yake hawa bene."

"Mai hawa bene ai yakan ɗaga kai ya ga saura nawa."

"Ya ɗaga kai ya faɗo ba."

Ya ce maki kuma a kan ashirin suke ba da shi, ba ɗari ba, kuma goma ita ce tsira. Wanda bai kai ba ya maimaita shekara, ko ɗan wane ne. Ya ce shi tun da ya fara koyarwa bai taɓa rubuta wa yaro ashirin ba, don kada ya ɗauka ya gama sani. Gwaggo ta ce wannan rowa ce kawai aka sa mata riga.

Ina jin su ina tunanin makarantun nan biyu. A nan, ranar da na ci sha bakwai, Mushe Abdu bai ce mini komai ba sai "saura uku". A Sabon Gari kuwa, ranar da na fara cin saba'in a Turanci, malamarmu Madam Chinyere ta sa aji duka suka tafa mini har na ɓoye fuska a littafi. Ban san wanne ya fi sa ni ƙoƙari ba. Na dai san na ji tsoron na farko, na ji kunyar na biyu, kuma duka biyun na koma gida na yi karatu.

Sai ya juyo gare ni. "Ke kina wurin lokacin da mutumin yake wannan magana?"

Na ce ina nan.

"Kuma kin san duk abin da na faɗa yanzu?"

Na ce na sani.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗan jima yana kallon zangarniyar da ke hannunsa. "Zan rubuta miki takarda, zan buga hatimi. Amma da Faransanci zan rubuta, don da shi hukuma ta san sa hannuna. In kin kai masa, wa zai karanta?"

Hatimin yana cikin aljihun tebur a makaranta, shi kuma ba zai bar masu yankan gero ba sai sun tashi. Muka koma gari muka jira shi a rumfar maigadi tun azahar. Sai biyar da minti goma ya iso a kan babur, da ƙaiƙayi a gashinsa. Ya rubuta shafi ɗaya da hannu, ya hura wa hatimin iska sau biyu saboda tawadar ta riga ta bushe tun watan Yuli, ya danna da dukan ƙarfinsa. Ya fito dishi-dishi, amma ana karantawa. Motocin iyaka sun riga sun tashi, dole muka sake kwana.

Alhamis: komawa

Shida saura kwata muka bar Damagaram. Kawu Ilu ya cusa mana alkaki a jaka. A Ɗan Barto ba jandarman nan ba ne a bakin aiki, na ɗan ji ba daɗi. Mun tsallaka tara da rabi. A Daura muka zauna awa ɗaya da minti ashirin ana jiran fasinja biyu, Gwaggo tana duba agogon wayarta tana yi wa direba tsiya.

"Ɗan nan, in sai ta cika za ka tashi, ni zan zauna a kujera biyu, dama jikina ya isa."

Bayan Kazaure ruwa ya sauko, mota ta koma tafiyar hawainiya. Ni dai bakina yana motsi a cikin hijabi. Ina juya takardar Mushe Abdu zuwa Hausa, layi bayan layi, ina maimaitawa.

Biyu da rabi muka shigo Kano. Sai da muka biya Sabon Gari karɓar shaidar kammala aji uku, wadda ita ma ake bukata. A mahaɗar Bata cunkoso ya riƙe adaidaitarmu tsakanin masu kura da 'yan dako ɗauke da dilolin atamfa, muka sauka muka ƙarasa da ƙafa. Madam Chinyere tana tsaye a ƙofar makaranta da ambulan a hannu. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa zaƙi, kuma ita ce ta zauna da ni kullum bayan an tashi har Turanci ya zauna mini.

Na ce, a hankali, ko za ta raka mu.

"Ina da aji, 'yata. Kuma ko na je, ni ba na jin Faransanci, Gwaggonki ba ta ji, jami'in ma ba ya ji. Mutum ɗaya ne a duk Fagge da Sabon Gari ya zauna a ajin can ya zauna a na nan." Ta gyara mini hijabi a goshi. "Maza, uku ta wuce."

Ofis

Huɗu saura minti ashirin da biyar muka shiga. Zaren nan yana jikin labule. Malam Sabi'u ya karɓi takardar, ya duba hatimin ta hasken taga, ya sauke numfashi.

"Hajiya, na ce a kawo bayani, an kawo mini wata takardar da ba zan iya karantawa ba."

Gwaggo ta buɗe baki. Na taɓa hannunta. Ban san lokacin da na yi ba.

"Malam, zan karanta maka."

Muryata ta fito ƙarama, har sai da ya kashe fanka. Na karanta layin farko da Faransanci, na faɗe shi da Hausa, na wuce na biyu. Layukan sun zo yadda na jera su a mota. Na gaya masa yadda aji yake sauka daga shida, da yadda maki yake tsayawa a ashirin. Na ce sha bakwai ɗin nan, in an mai da ita lissafin nan, tamanin da biyar ce.

Ya jawo sakamakon ya nuna ƙasan shafin. "Wannan sha shidan fa, ta gaba ɗaya, daga ina ta fito?"

Na ce a can darussa ba nauyinsu ɗaya ba, lissafi ya fi zane nauyi. Ana tara maki duka, ga shi ɗari uku da hamsin da biyu, a raba da jimillar nauyin, ashirin da biyu. Ya miƙo mini biro da bayan wata ambulan. "Raba mu gani."

Shekara guda Madam Chinyere tana koya mini rabawa irin ta nan, mai rumfa, amsa a sama. Amma da tsoro ya zo, hannuna ya koma gida. Na ja layi a tsaye, na sa babbar lambar a hagu, ƙaramar a dama, amsa a ƙarƙashinta. Sha shida.

Ya juya ambulan ɗin ya kalle ta ta wannan gefe, ya kalle ta ta wancan. "Shekara goma sha ɗaya na koyar da lissafi kafin a kawo ni teburin nan, ban taɓa ganin an raba lamba a kwance haka ba. Sake yi, a hankali." Na sake. Ya ɗauki biro ya gwada da wata lambar da kansa, ya ɓata a layi na biyu, na nuna masa da yatsa inda zai sauko da ita. Ya ce, "Af!"

Huɗu saura minti biyar ya sa hannu. Yana miƙo takardar shiga ya ce, "Ranar Litinin da na tambaya, me ya hana ki faɗi haka?" Gwaggo ta ce, "Yawwa, Malam, tambaye ta. Kusan kilomita ɗari biyar na yi da ƙafafun nan nawa masu ciwo, ashe abin da muka je nema yana zaune kusa da ni a mota yana cin alkaki."

Gida

Mun isa Kwaciri ana kiran magariba. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Gwaggo Yagana da ta rufe rumfarta kwana uku, da Kawu Ilu, da Mushe Abdu da ya bar geronsa, da Madam Chinyere da ta ƙi raka ni, da jandarman da ban san sunansa ba.

Baba yana shago bai rufe ba. Ya dubi Gwaggo don ta ba shi labari kamar kullum, ita kuwa ta nemi kujera ta zauna ta kama bakinta da yatsu biyu. Sai ni na faɗa masa, tun daga tashar Ƙofar Ruwa. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya jawo ƙunshin kore da fari, ya karkaɗe shi, ya canza zaren keke.